Raƙumin Dawa Tsakanin Ofis Da Sito

Bari in fara da amsa laifina kafin wani ya tona ni: Umma ba ta san ina hawa rufin bene ba. A tunaninta aikina shi ne in zauna a ɗaki mai sanyi, in danna kwamfuta da yatsa biyu, in tashi ƙarfe biyar. Kullum da safe tana kallona ina fita cikin doguwar riga a goge da takalmi mai tsini, ta bi ni da Allah ya tsare. Ba ta san akwai wandon aiki a ƙarƙashin rigar ba. Jakar nan kuwa da take cewa ta yi wa mace girma, kambas ne a ciki da sifana biyu da ƙullin waya.

Ni ce mai kula da kwamfutoci a wani kamfani da ke raba magunguna ga shaguna da asibitoci. Gini biyu gare mu. Ofis yana wannan gefen babban titi, hawa huɗu. Sito yana can ƙetare, dogo kamar jirgin ƙasa, tafiyar minti goma in ba ka tsaya gaisawa ba. Ba a ja waya tsakaninsu ba don sai an fasa titi, sai aka kafa eriya ɗaya a kan kowane rufi, masu kama da faranti, suna kallon juna. Ta nan oda take bi. A rubuta a ofis, ta faɗa sito, a buga takarda, a loda mota. In farantan nan suka daina ganin juna ko na minti ɗaya ne, komai ya tsaya cak, direbobi su fito su jingina da motocinsu suna tsaki.

To sati uku suka yi suna raina min hankali.

Layi zai yi lafiya lau, sai kawai ya ɗauke. Kafin in buɗe kwamfuta in duba, ya dawo. Baba Maisito, dattijon da ke riƙe da makullan sito tun kafin in iya tafiya, har ya daina yi min sallama a waya. "'Yar nan, ya tafi." Bayan minti biyu ya sake kira. "'Yar nan, ya dawo." Kamar muna maganar wani miji mai yawo.

Babu abin da ban gwada ba. Na canza wayar da ta hau rufin ofis, don na tarar ruwa ya shiga bakinta ya yi kore. Na canza ɗan akwatin da ke ba eriyar wuta. Na ɗaure kusoshi har tafin hannuna ya yi kanta, ko iska ce ke kaɗa farantin. Na sauya tashar da suke magana a kai sau uku, don na zaci eriyar wasu maƙwabta ce ke shiga mana hanci. Duk wanda na yi sai in sauko ina karkaɗe riga ina cewa an gama, in kai ƙasa in tarar da kiran Baba Maisito yana jirana.

Ranar Litinin Manaja ya kira ni. Mutum ne mai magana a hankali kamar yana yi wa jariri rarrashi, shi ya sa maganarsa ta fi zafi. Ya tuna min cewa wata shida na gwaji ranar Juma'a suke cika. Ya ce shi bai taɓa shakkar ƙoƙarina ba, amma in abin ya fi ƙarfina zai kira wani kamfani daga waje, kuma in suka zo, ai na san ba a zama biyu a kujera ɗaya. Na ce na gane. Na fito na shiga bayi na tsaya ina kallon famfo.

Ku da ba ku san gidanmu ba za ku ce aiki ne kawai, in ya tafi wani ya zo. Ba aiki ba ne kawai, garkuwata ce. Tun ranar da Gwaggo, yayar Abbanmu, ta shigo da zancen ɗan ƙawarta, amsa ɗaya nake ba Umma: a bari a tabbatar da ni a wurin aiki tukuna. Umma ta karɓa, amma tana lissafin kwanakin fiye da Manaja. In aka kore ni kuwa, na san abin da Gwaggo za ta ce tun kafin ta ajiye mayafi: to yanzu kuma me ake jira?

Shi mutumin sau ɗaya ya zo gidanmu. Na kawo shayi, na zauna a bakin kujera, na ƙirga furannin kafet ɗin falo har sau biyu. Ban ɗaga kai na kalle shi ba, don kar Gwaggo da ke leƙe ta labule ta ce na yi murmushi. Abin da na gani kawai takalminsa ne da wani tsohon agogo mai baƙar fata da bai dace da sabuwar rigarsa ba. Gwaggo ta ce injiniya ne, ta ce a wajejen ofishinmu ma yake aiki, ta ce abubuwa da yawa, ni kuwa kunnena na can wani wuri. Tun daga ranar, kullum ƙarfe bakwai saƙonsa zai shigo: "Barka da safiya. Da fatan kin tashi lafiya." Da aya da komai, kamar takardar neman aiki. Sau biyu na amsa da "Lafiya." Na ajiye lambarsa da sunan Kar A Ɗauka. Kar ku kalle ni haka, na san wasunku sun yi wanda ya fi wannan. Da saƙon ya daina zuwa tun ranar Asabar, ban ma lura ba sai daga baya.

Ranar Talata na tafi sito na zauna a kan kwali kusa da teburin Baba Maisito, na rasa abin yi. Ashe duk lokacin da layi ya ɗauke yana rubuta ƙarfe nawa ne a bayan wani tsohon kalanda, wai don kar a ce shi ne ke jinkirta motoci. Na karɓa na shimfiɗa a cinyata ina bi da yatsa. Takwas da kwata. Takwas da rabi. Tara saura. Haka har rana. Sai na ga wani fili: daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu babu ko ɗaya. Na duba jiya, haka. Na duba makon jiya, haka. Bayan biyar na yamma ma shiru, ko a ranakun da suka yi lodi har shida.

Na nuna masa. Ya gyara tabarau ya duba, ya ce, "To 'yar nan, aljanin naki ma'aikaci ne. Yana zuwa cin abincin rana, yana kuma tashi a kan lokaci."

Na yi dariya, sai na katse ta na sake kallon kalandar. Waya ba ta cin abinci. Iska ba ta tashi daga aiki. Duk sati ukun nan kaina a sunkuye yake, ina duba kusoshi da wayoyi, ban taɓa tsayawa na kalli abin da ke tsakanin rufin biyu ba.

Laraba tun takwas saura kwata ina kan rufin sito, na tattare doguwar rigata na ɗaure a ƙugu, kwamfuta a buɗe a kan bulo. Na tsaya daidai bayan farantin ina kallon inda yake kallo. Can ga rufin ofis, fes, babu ko reshen bishiya. A gefen dama kuwa akwai wani gini da ake yi, wanda nake wucewa kullum ban taɓa ba shi muhimmanci ba, da dogon injin ɗaga kaya a tsaye a cikinsa kamar raƙumin dawa. Takwas da 'yan mintuna sai raƙumin ya farka. Ya ɗauko damin rodi, ya juyo da wuyansa a hankali, a hankali, ya ratsa ta gaban idona. Na kalli kwamfuta. Sigina ta faɗi ƙasa warwas. Wayata ta yi ƙara a aljihu.

"'Yar nan..."

Na ce, "Na gan shi, Baba. Na ga mijin namu."

Ko takalmi ban canza ba na sauka na nufi wurin ginin. Mai gadi ya ce ba a shiga babu hular kwano, ya ba ni wata rawaya da ta yi min yawa, na kifa a kan mayafi. Ku kwatanta da kanku: doguwar riga mai ruwan toka da tsatsa a gwiwa, kambas, hula tana rufe min ido. Na ce a kira min mai kula da aikin. Wani dogo ya taho cikin riga mai ƙyalli, ƙura har gira, yana riƙe da takarda a naɗe.

Ban bari ya gama sallama ba. Na zazzage masa sati uku na baƙin ciki. Na ce injinsu ya hana kamfani guda aiki, na ce magungunan marasa lafiya ne ke kwana a mota saboda su, na ce ko tambaya ba su yi ba kafin su ƙara masa tsawo. Wannan na ƙarshen zato ne kawai na yi, sai ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne, sati uku ke nan da suka ɗaga shi. Ya bar ni na kai aya. Sannan ya ce a hankali, "Sannu da zuwa. Ya Umma? Ya ƙafar Gwaggo?"

Na tura hular baya. Idona ya sauka a hannunsa, a kan tsohon agogo mai baƙar fata.

Jama'a, da ƙasa tana da ƙofa da na ƙwanƙwasa.

Bai yi dariya ba, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi, don na ga dariyar tana yawo a gefen bakinsa yana danne ta. Ya kai ni ɗan ofishinsu na kwantena, ya share min kujera da hannun rigarsa, ya baje zanen ginin a tebur. Ya ce tsayar da injin ba zai yiwu ba, mutum sittin ne ke jiransa kullum. Ya ce kuma ko ya tsayar, nan da sati biyar ginin zai kai hawa bakwai, ya tare hanyar gaba ɗaya, babu hutun rana babu komai. Amma ya ɗauki fensir ya zana min da'irar da wuyan injin yake kaiwa, ya ce in nuna masa inda farantaina suke. Na ɗiga biyu. Ya ja layi da rula, layin ya ratsa ta cikin da'irar. Na karɓi rular daga hannunsa na matsar da ɗigon sito zuwa can ƙarshen rufin, wajen tankin ruwa. Sabon layin ya wuce ta waje, bai taɓa da'irar ba, bai taɓa ginin ba.

Ya bi sabon layin da yatsa. Ya ce da shi ne da sai ya kwana biyu bai gano ba. Na ce ai ba fanninsa ba ne, cikin muryar da ban san ina da ita ba.

Ya ce bari ya ɗauki hoton zanen ya turo min. Wayata tana kan tebur tsakaninmu, fuskarta sama. Na tuna da sunan da na ajiye lambarsa a daidai lokacin da ya danna. Ta yi haske, sunan ya fito ɓaro-ɓaro, ya karkata kai ya karanta shi a juye.

"Ashe har suna aka raɗa min."

Na ce wayar ce take haka wani lokaci. Ya ce ya sani, tasa ma takan yi, shi ya sa yake so in an samu lokaci a duba masa ita tunda ga masana. Na kifa wayar, na kifa hular a kan fuskata, na yi masa sallama ta ƙarƙashinta.

Aikin ranar Alhamis mutum biyu yake buƙata. In na matsar da farantin sito, dole wani ya hau rufin ofis ya juya wancan ya fuskanci sabon wurin, muna magana ta waya har su haɗa ido. Na tambayi 'yan ofis, kowa ya tuna yana da ciwon baya. Injiniyan ne ya ce yana da awa guda in raƙumin ya tafi cin abinci. Ni na gaya masa sunan, ya ce direban injin zai ji daɗi.

Haka na ja sabuwar waya tun safe har ƙarshen rufin, na ɗaure farantin a jikin ƙarfen tankin ruwa. Ƙarfe ɗaya da minti biyar na hango ɗigon riga mai ƙyalli a kan rufin ofis. Na kira shi. Karo na farko ke nan da ni na kira, kuma ya tabbatar na san ya lura, don sai da ya bar ta ta yi ƙara sau huɗu sannan ya ɗauka ya ce yana duba ko an halatta.

Na ce ya sassauta kusoshi biyu na baya, ya juya hagu kaɗan. Ya ce hagunsa ko haguna. Na ce nasa. Ya juya, sigina ta ƙara lalacewa, ashe nawa nake nufi. Ya ce ba komai, ya saba a ce masa abu ana nufin wani. Na yi kamar ban ji ba. Kaɗan. Ƙara kaɗan. Ya yi yawa, koma. Sama kamar faɗin yatsa. Tsakanin juyi da juyi, muna jiran lamba ta zauna, ya tambaye ni yadda aka yi na shiga wannan aikin, na ba shi labarin rediyon Abba da na kwance ina 'yar shekara tara ban iya mayarwa ba. Ya ce shi katangar makaranta ya fara ginawa da laka, ta faɗo wa akuyar maƙwabta. Minti talatin da bakwai muka yi a waya, na duba daga baya. A ƙarshe lambar ta hau inda ban taɓa ganin ta kai ba, na ce ya ɗaure, kar ya numfasa.

Ƙarfe biyu ya sa direban injin ya juyo da wuyan raƙumin sau uku da gangan, da kaya da babu kaya. Layi ko gezau. Baba Maisito ya leƙo daga ƙasa yana ɗaga min kalandarsa.

Na sauko na tarar da shi a ƙofar sito yana wanke hannu a famfo. Ya ce ƙarfen tankin nan yana rawa, iska mai ƙarfi ɗaya za ta mayar da ni gidan jiya. Ranar Asabar ƙarfe goma na safe zai zo da mai walda su kafa min sanda ta gaske. Na yi godiya, godiyar gaske wannan karon, har da kallon fuska. Fuskar ba laifi, tunda na san za ku tambaya.

Ya yarfe hannu. Sannan ya ce akwai abin da ya kamata in sani don in saki jiki. Tun ranar Asabar da ta wuce ya gaya wa mahaifiyarsa a bar maganar nan. Ya ce shiru ma amsa ce, kuma shi ba ya son a takura wa mutum saboda shi. Aikin sanda aikin maƙwabtaka ne, kar in ɗauka wata dabara ce.

Na ce, "Madalla. Hakan ya yi."

Ya ce to, ya sa hularsa ya tsallaka titi. Na tsaya riƙe da sifana ina jiran farin cikin ya zo. Na ba shi har la'asar, bai zo ba.

Juma'a layi bai ɗauke ko sau ɗaya ba. Baba Maisito ya kira ƙarfe goma sha ɗaya, gabana ya faɗi, ashe wai gaisuwa ce, ya ce ya ga kwana biyu bai yi min sallama ba. Da yamma Manaja ya miƙo min takardar tabbatarwa, ya ce dama shi ya san zan iya. Na karɓa da hannu biyu na fito.

Na iso gida na tarar da takalmin Gwaggo a ƙofar falo. Umma ta karanta takardar sau biyu, ta rungume ni, ta ce a kawo wa Gwaggo ta gani. Gwaggo ta riƙe ta nesa da ido, ta ce Allah ya sa albarka, ta ajiye a hannun kujera kamar rasit. Ta ce ga aiki ya tabbata, ga miji ya tafi, sai in jiƙa takardar in sha. Ƙawarta ta kira ta, yaron ya janye, kuma ba su tsaya ɓata lokaci ba. Gobe Asabar da safe uwar za ta kai shi gidan wasu ya ga 'yarsu, yarinya mai hankali, wadda in an gaishe ta take amsawa.

Ina tsaye da tiren kofuna a hannu. Na so in ce Allah ya sanya alheri, wallahi shi na shirya faɗa. Abin da ya fito daban.

"Goben ƙarfe nawa?"

Gwaggo ta ce goma, ta ci gaba da neman wani hoto a wayarta, wai akwai ɗan wata ƙawar tata kuma, mai kantin tayoyi. Umma kuwa ba ta kalli hoton ba. Ni take kallo, tun daga fuskata har zuwa gwiwar rigata, inda tsatsar tankin ruwan da na hau na sake dubawa yau ta ƙi fita duk da na goge da ruwa a ofis. Ta karɓi tiren daga hannuna ta ajiye a hankali.

"Auta," ta ce, "ke da ba kya son mutum, me ya haɗa ki da ƙarfe nawa?"